Gunduma: Tarihin Yanka Ƙasa a Zamanin Turawa da Kalmomin da Ya Bar wa Hausa

1.0 Gabatarwa

Idan aka tambayi ɗalibin da ya tashi a ƙasar Katsina inda ya fito, ba ya wata-wata zai jero: unguwa kaza, ƙarƙashin dagacin gari kaza, a gundumar hakimi wane, ƙaramar hukuma kaza, Jihar Katsina. Yakan faɗi wannan jeri kamar yadda yake faɗin sunayen kakanninsa, har ya ɗauka haka ƙasa take tun fil azal. Na sha jarraba ɗalibai a aji da tambayar ko gunduma ta girmi zuwan Turawa. Mafi yawansu sukan ce ta girme shi, hujjarsu kuwa ita ce kalmar Bahaushiya ce, sarautun hakiman kuma tsofaffi ne. Hujjojin nan biyu gaskiya ne, amma hukuncin da aka ciro daga cikinsu kuskure ne. Kalmar tsohuwa ce, sarautun ma haka, sai dai gunduma a matsayin dunƙulallen yanki mai iyaka, wanda hakimi yake zaune a cikinsa yana karɓar albashi, aikin Turawan mulkin mallaka ne na farkon ƙarni na 20.

Wannan darasi zai bi sawun yadda aka yi hakan, ta hanyar ɗaukar Jibiya a matsayin misali, domin a can ne aka yanka ƙasa iri biyu a lokaci guda, wato yankan gunduma da yankan iyakar ƙasa da ƙasa. Malamin Hausa yana buƙatar wannan tarihi saboda ba zai iya koyar da ma'anar kalmomin sarauta da mulki daidai ba, matuƙar bai san lokacin da ma'anarsu ta sauya da abin da ya sauya ta ba.

2.0 Yankin "Ɗari" a Ingila da Ƙasashen da Ta Mallaka

Kafin a zo kan ƙasar Hausa, ya kamata a san irin tunanin da Turawan Ingila suka gada game da rabon ƙasa. Tun wajen ƙarni na 10, an raba Ingila zuwa manyan yankuna da ake kira kawunti, kowace kawunti kuma aka karkasa ta zuwa ƙananan yankuna waɗanda sunansu shi ne kalmarsu ta ƙidaya mai ma'anar "ɗari". Bayanin da ya fi shahara shi ne cewa a asali kowane yanki ya ƙunshi gandu ɗari, gandu a nan yana nufin filin da zai ciyar da gida ɗaya, wanda daga baya aka riƙa ƙiyasta shi da eka 120. A aikace lissafin bai cika daidaituwa ba, domin wasu yankunan sun ninka wasu girma. Abin lura dai shi ne, ma'aunin haraji ne aka mayar sunan yanki.

Kowane "ɗari" yana da dandalin da mazaunansa suke taruwa kusan duk mako huɗu don shari'a da sasanta rikici. Ta nan ake raba haraji, ta nan ake tara mayaƙa. Lokacin da Sarki Wiliyam, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ya sa aka ƙidaya filaye da dukiyar ƙasar a 1086, da waɗannan yankuna aka yi amfani wajen tattara bayanai. Wata doka ta 1285 ma ta ɗora wa mutanen yankin gaba ɗaya alhakin biyan diyya idan aka yi fashi a cikinsa ba su kama ɗan fashin ba. Wanda ya san al'adarmu ta bin sawun ɓarawon shanu, inda garin da sawu ya ɓace a cikinsa yake shiga uku, ba zai ji wannan doka baƙuwa ba.

Da Ingilawa suka fara kafa matsugunai a Amurka a ƙarni na 17, sun tafi da wannan tsari zuwa Bajiniya da Merilan da Delawe. A Jihar Delawe har yau akwai irin waɗannan yankuna 33 a cikin kawunti uku, ko da yake ba su da wani aikin mulki, sai dai a ambace su a takardun mallakar fili. A Kudancin Ostireliya kuwa, a ƙarni na 19, an yi amfani da sunan wajen auna filaye, kowane yanki kimanin murabba'in mil ɗari. A duk waɗannan wurare baƙi ne suka zo zama, suka ture 'yan ƙasa, suka auna fili suka raba wa junansu.

Arewacin Nijeriya bai sami yankin "ɗari" da sunansa ba, saboda dalilai biyu. Na farko, kafin 1900 tsarin ya riga ya mutu a Ingila kanta, kotunansa sun daina aiki, dokar 1894 kuma ta kafa sababbin majalisun yankuna. Na biyu, Turawan ba zama suka zo yi a nan ba, mulki suka zo yi da mutane ƙalilan, don haka suka fi koyi da abin da suka saba da shi a Indiya, inda shi kansa Gwamna Lugga aka haife shi kuma ya yi aikin soja. Amma tunanin da ke ƙarƙashi bai sauya ba: kowane taki na ƙasa ya kasance cikin yanki ɗaya tak, kowane yanki da mutum ɗaya da za a kama idan haraji bai cika ba.

3.0 Ƙasar Katsina Kafin 1903

A tsarin da Turawa suka tarar, abin da hakimi yake riƙe da shi garuruwa ne da jama'a, ba shimfiɗar ƙasa mai layi ba. Basarake ɗaya yana iya riƙe gari a gabas, wani a kudu, wani a yamma, a tsakaninsu kuma akwai garuruwan wasu sarakunan. Da yawa daga cikin masu sarauta a birni suke zaune kusa da fada, sai su tura jakadu su karɓo kuɗin ƙasa da zakka da jangali da kuɗin sana'o'i irin su karofi. Jakada yakan cire rabonsa, hakimi ya cire nasa, saura ya isa ga sarki. Makiyaya kuwa ta hannun arɗonsu ake binsu, ko ina suka yada zango.

Sai dai kada ɗalibi ya ɗauka ko'ina haka abin yake ba bambanci. Katsina ta ɗan saɓa wa Kano a nan, domin bayan jihadi, wajen 1807, manyan jagorori uku ne suka fito: Ummarun Dallaje wanda ya zama sarki a birni, da Muhammadu Na Alhaji, da Ummarun Dumyawa wanda ya zauna a Zandam, garin da yau yake cikin ƙaramar hukumar Jibiya. Saboda haka tun kafin Turawa akwai manyan sarakuna da suke zaune a garuruwansu da ƙarfin ikonsu. Littafin Yusufu Bala Usman na 1981 kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883 ya yi bayanin wannan zamani filla-filla.

A arewa kuwa, zuriyar sarakunan Katsina na Haɓe da aka kora sun kafa sabuwar hedikwata a Maraɗi, suka ci gaba da kiran kansu sarakunan Katsina. Kusan ƙarni guda aka yi ana kai hari ana ramawa, musamman a zamanin Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore. Ke nan akwai iyaka tsakanin Katsina da Maraɗi tun kafin Bature ya zo, amma iyakar daji ce mai faɗi da garuruwa masu ganuwa, tana matsawa kudu ko arewa gwargwadon wanda dawakinsa suka fi ƙarfi a wannan shekara. Ba wanda zai iya nuna maka dutse ya ce daga nan ta fara.

4.0 Kafa Gundumomi

Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, Katsina kuwa ta miƙa wuya ba tare da yaƙi ba a zamanin Sarki Abubakar. Matsalar da ta fi damun Turawa tun daga farko ita ce kuɗi. Gwamnatin Arewa ba ta iya riƙe kanta, sai da tallafi daga Landan, kuma ba yadda za a yi jami'i ɗaya ya bi diddigin harajin da yake bi ta hannun jakadu barkatai zuwa ga hakiman da garuruwansu suke warwatse. Dokokin haraji na 1904 da 1906 suka share fagen gyara: a haɗe haraji iri-iri su koma kaɗan, a kawar da jakadu, a tattara garuruwan da ke maƙwabtaka su zama yanki ɗaya, a ba hakimi ɗaya, sannan a umarce shi ya bar birni ya koma can da zama.

A Kano, Razdan Dakta Cargill ne ya matsa wannan aiki, har Kanawa suka laƙaba masa suna Mai Gunduma. A Katsina kuwa, wadda a lokacin take ƙarƙashin Lardin Kano, jami'in da ya tsaya a kai shi ne H. R. Palmer. Cikin 'yan shekaru aka tuɓe sarakuna biyu daga gidan Dallazawa, Abubakar da Yero, a 1906 kuma aka ɗora Durɓi Muhammadu Dikko na Sulluɓawa, wanda ya yi sarauta har 1944. A zamaninsa ne tsarin gundumomi ya kafu ya zauna da gindinsa, kuma Katsina tana cikin wuraren da aka fara gwada baitulmalin En'e, inda haraji yake shiga asusu ɗaya, a rubuta, a biya sarki da hakimai da alƙalai albashi tsayayye.

Albashin nan ya fi iyakar da aka zana sauya matsayin hakimi. A da, abin da yake samu ya danganta da yawan mutanen da suka yarda su zauna ƙarƙashinsa, kuma idan ya matsa musu suna iya neman wani uban ƙasa su jingina da shi. Yanzu kuwa abincinsa daga baitulmali yake, Di'o yana zagayowa rangadi yana duba littafin haraji, ana iya ɗauke shi daga wannan gunduma a kai shi waccan, ko a tuɓe shi idan kuɗi suka yi giɓi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Talaka kuma an rubuta sunansa a ƙarƙashin dagaci ɗaya, a gunduma ɗaya. A wasu masarautu, musamman Kano, har gonaki aka riƙa aunawa da ƙafa, malaman taki suna ƙirga taku suna yanka haraji gwargwadon faɗin gona, abin da ya yi kama ƙwarai da lissafin gandu na tsohuwar Ingila.

Ba adalci ba ne a ce tsarin bai zo da wani amfani ba. Ya rage yawan hannayen da suke tsakurar haraji, ya kuma kai alƙali da kasuwa da makarantar elementare da ɗakin shan magani zuwa hedikwatar gunduma. Amma ya mayar da tsofaffin sarautu na fada da na yaƙi sarautun wuri. Ƙaura, wanda asalinsa shugaban mayaƙa ne, yau da an ambace shi sai hankali ya tafi Rimi. Haka Durɓi da Mani, 'Yanɗaka da Dutsin-ma, Galadima da Malumfashi. Hakimin Jibiya kuwa Sarkin Arewa ake kiransa.

5.0 Jibiya da Layin Iyaka

A daidai shekarun da ake yanka gundumomi, ana can ana ja-in-ja tsakanin Ingila da Faransa kan inda rabon kowa zai tsaya. Yarjejeniyar 1890 ta ja layi daga Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Baruwa a bakin tafkin Cadi. Ta 1898 ta zo da wani abin mamaki: aka kafa tsinin alƙalami a kan Sakkwato, aka zana baka mai nisan mil 100, daga nan layin ya bi ma'aunan taswira ya nufi gabas. A bisa wannan layi Maraɗi tana ɓangaren Ingila. Da an tsaya a nan, da Katsina da Maraɗi suna ƙasa ɗaya, da kuma Jibiya gari ne na tsakiya wanda ba ruwansa da shingen kwastan.

Abin da ya sauya lamarin ruwa ne. Faransawa sun ga cewa hanyar da aka bar musu daga Kwara zuwa Damagaram ta bi ta inda ba rijiyoyi, ayarinsu ba ya iya wucewa sai ya ratso ta rabon Ingila. A babbar yarjejeniyar sulhu ta 8 ga Afrilu, 1904, aka matso da layin kudu, aka kuma amince a yi la'akari da rabon sarautun da ke ƙasa, ta yadda mutanen Tasawa da Maraɗi da Damagaram za su kasance a hannun Faransa. Yarjejeniyar 1906 ta ƙara tantance layin. Daga 1906 zuwa 1908 wata tawagar haɗin gwiwa ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ta bi shi da ƙafa, ta kafa alamomi 148 daga Kwara zuwa Cadi, aka tabbatar da aikin a 1910. Dajin nan mai faɗi da ke tsakanin Katsina da Maraɗi ya koma siririn layi, Magama ta wannan gefe, Ɗan Isa ta wancan.

Gulbin Maraɗi bai san da wannan ba. Yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya, ya shiga Nijar ta wajen Madarumfa, ya wuce Maraɗi da Tsibiri, ya sake dawowa Nijeriya ya haɗu da Rima. Aure da fatauci da kiwo su ma haka suka ci gaba da bin gulbin. Sai dai a ƙetaren layin Faransawa sun yi nasu yankan da wata wuƙa dabam. Sun raba ƙasa zuwa manyan yankuna ƙarƙashin kumandan, suka karkasa su zuwa kanton, kuma ba su bar wa sarakuna kotu da baitulmali irin na En'e ba. Aikin tilas, wanda ba a soke shi a ƙasashen Faransa ba sai 1946, da ɗibar soja da nauyin haraji sun sa mutane da yawa tsallakowa kudu. A nan talakan bakin iyaka ya sami wata dama da na tsakiyar ƙasa ba shi da ita: idan hakimi ko kumandan ya matsa, tafiyar yini ɗaya ta isa ta fitar da shi daga littafin haraji. Hakimin gundumar iyaka ya san da haka, dole ya riƙa sassautawa.

Bayan haka yankan bai tsaya ba. A 1926 aka cire Katsina daga Lardin Kano aka haɗa ta da na Zariya, a 1934 ta zama lardi mai zaman kansa tare da Daura. A 1967 ta shiga Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta koma Jihar Kaduna a 1976. A wannan shekara ce gyaran ƙananan hukumomi ya kawo ƙarshen En'e, ikon gudanarwa ya bar hannun hakimai. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, a ranar 23 ga Satumba, 1987 kuma aka ƙirƙiro Jihar Katsina, wadda take da ƙananan hukumomi 34. Da yawa daga cikinsu a kan sawun tsofaffin gundumomi aka zana su, hedikwatar hakimi ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma. Layin iyaka kuwa ya nuna ƙarfinsa a 2019 da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin tudu, ba a buɗe mashigar Jibiya ba sai Afrilun 2022. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka buɗe a Maris na 2024.

6.0 Abin da Tarihin Ya Bari a Harshe

A nan ne aikin malamin Hausa yake. Mu fara da ita kanta kalmar gunduma. Tana da alaƙa da aikatau na yanko babban yanki na abu, kamar a ce, "Mahauci ya gunduma masa tsoka." Da Hausawa suka ga ana datsa ƙasar sarki ana miƙa wa kowane hakimi ƙaton yanki a dunƙule, ba su ari kalmar Bature ba, sai suka ɗauko kalmar da suke amfani da ita wajen rabon nama. Wannan misali ne na faɗaɗa ma'ana, kuma a ganina zaɓen kalmar kansa sharhi ne a kan abin da aka yi. Faɗaɗawar ba ta tsaya ba, domin yau ana jin gunduma da ma'anar mazaɓar kansila, kafofin yaɗa labarai kuma suna cewa gundumar Madarumfa ta Jihar Maraɗi, alhali tsarin can ba na hakimai ba ne. Jam'inta gundumomi, a kan ƙirar taga da tagogi.

Kalmar hakimi kuwa ta bi akasin wannan hanya. Daga Larabci take, ma'anarta mai hukunci ko mai mulki, kuma kafin Turawa ana iya kiran duk babban basaraken da ke riƙe da garuruwa da ita. Tsarin gunduma ya taƙaita ta ga mataki ɗaya tak, tsakanin sarki da dagaci. Lardi ma daga Larabci take, daga kalmar da ke nufin ƙasa, inda harafin tabbatarwa na Larabci ya manne da kalmar kamar yadda ya faru a lada da lahira da labari. An ɗora ta a kan yankin da Razdan yake mulki, da aka soke larduna kuma sai ta fara ja da baya, jiha ta maye gurbinta. Haraji da baitulmali su ma tsofaffin kalmomin Larabci ne da aka sa wa sabuwar riga. Abin lura a nan shi ne, matakan da 'yan ƙasa suke riƙe da su sun ci gaba da sunayen Hausa da Larabci, muƙaman da Bature ya riƙe da kansa ne aka aro daga Ingilishi: gwamna, razdan, di'o, joji. A di'o da en'e sunayen haruffa ne aka hausantar, aka saƙala alhamza saboda gaɓar Hausa ba ta farawa da wasali. Jam'in dagaci, wato dagatai, yana da amfani wajen koyar da ganɗantawa, domin t ce ta asali ta koma c a gaban wasalin i.

A bakin iyaka ana jin aro iri biyu a kasuwa ɗaya. Mutumin Jibiya zai ce kwastan, ɗan'uwansa na Ɗan Isa ya ce duwan. Wannan ya ce makarantar boko da malam, wancan ya ce lakwal da mushe. Dukansu Katsinanci suke yi, abin da ya raba su kawai kalmomin da suka shigo ta ofis ne. Tsofaffi sukan kira ƙetaren iyaka Faransa ko Faranshi, ko da yake Nijar suke nufi. William Miles, a littafinsa na 1994 kan ƙauyukan 'Yardaje da Yekuwa da ke iyakar Daura, ya nuna cewa mutanen wurin suna kiran iyakar tangaraho, saboda turakun ƙarfen da aka kafa sun yi kama da na wayar tangaraho. Malami ya kiyaye kada ya gaya wa yaro cewa duwan ko lakwal ba Hausa ba ce. Ya nuna masa dai wadda daidaitacciyar Hausa ta Nijeriya ta ɗauka, ya kuma bayyana masa dalilin bambancin, musamman a makarantun da ke da yara masu dangi a ɓangarorin biyu.

7.0 Jinga

Kowane ɗalibi ya nemi dattijo ɗaya a garinsu, wanda ya yi wayo kafin 1976, ya tambaye shi sunan gundumarsu a zamanin En'e, da sarautar hakiminta, da yadda ake karɓar haraji, da ko an taɓa cire garinsu daga wata gunduma zuwa wata. Ya rubuta hirar da karin harshen dattijon ba tare da gyara ba, sannan ya fitar da kalmomin mulki goma daga cikinta ya rarraba su zuwa na asalin Hausa da na Larabci da na Ingilishi ko Faransanci. A duba kalmomin gunduma da hakimi da jakada a ƙamusun Bargery na 1934, a kwatanta da ma'anarsu a bakin mutane yau. Waɗanda za su yi gwajin koyarwa a Jibiya ko Kaita ko Mai'aduwa su ƙara da tsara darasin minti 40 ga ajin farko na ƙaramar sakandare a kan kalmomin aro na bakin iyaka, da misalan da za su tattaro daga bakin yaran ajin.